Ba Haka Usman Yake Tafiya Ba

Yerimaram, Potiskum

Zuwa ga 'yata Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na san dai lafiya za ta same ki, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da nawa, kuma yanzun nan na ji kina zagin akuyar Innarki. Amma haka aka koya mana buɗe wasiƙa a aji huɗu, kuma daga aji huɗun nan ban ƙara gaba ba. In kin ga kuskuren rubutu ki bar shi inda yake, nasa wurin ke nan.

Za ki ce me ya hana ni kiran ki mu zauna. Fuskata ce ta hana. Shekara arba'in ina ba mutane dariya da ita, yanzu ko cewa na yi gobara ta kama, sai an gama dariya kafin a ɗebo ruwa. In na zaunar da ke na gyara murya, ke za ki fara murmushi, ni kuma in biye miki, maganar ta watse. Takarda ba ta da fuska, shi ya sa.

Ga abin da ya sa ni aron biro. Sau biyu ina ganin kin shirya jakarki kin sake zazzage ta. Gwaggonki ta unguwar Dogo Nini kuma, wadda asiri ba ya kwana a cikinta, ta faɗa mini kin ce za ki kira mutanen asibitin Maiduguri ki ce su ba wani aikin. Wai ba za ki iya barin Innarki ba, kina tsoron in kin tafi ta koma shirun nan da ta yi bayan rasuwar yayanki Usman. Motarki ranar Asabar ce. Kafin ki taɓa wayar nan, ki karanta wannan har ƙarshe, in ya so ki yi abin da kika ga dama.

Da farko ki bar ni in yi alfahari kaɗan. Aikin da aka ɗauke ki, wai ki riƙa haɗa masu ciwon damuwa da firgici kuna wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa har zuciyarsu ta sake, ni ban san akwai shi a duniya ba sai da kika shiga jami'a. Abin da aka kore ni daga makaranta a kansa, shi aka ba ki digiri a kai, har da hula mai igiya. Allah mai iko.

To, korar nan ita ce kuskurena na farko. Muna da wani malamin lissafi, Malam Yohanna, mutumin kirki, daga can ƙasar Filato aka turo shi. Hausarsa tana ɗingishi, kuma yana da i'ina kaɗan. Ni kuwa a garin nan wa ban iya ba? Bangizime, Babarbare, Bafulatani, Bakarkare, kowa na san inda Hausarsa ke karkacewa. Wata rana ya fita, na ɗauki alli na tsaya gaban allo na zama shi. Aji ya kece da dariya, har wani ya faɗo daga benci. Ashe Malam yana tsaye bakin taga. Bai doke ni ba. Hedimasta ne ya kore ni, don dama laifuffukana sun cika kwando. Bayan shekaru da yawa, na riga na buɗe rumfar faci, ya kawo babur ɗinsa, gashinsa duk furfura. Na gaishe shi, ya gane ni. Ya ce, "Audu, ka san daga ranar nan har na bar makarantar ban sake yi wa yara bayani da Hausa ba? Turanci kawai. Na san rabinsu ba sa ganewa, amma bakina ya ƙi." Hajo, na yi masa faci kyauta, amma waccan hudar ban iya toshe ta ba. Don haka in kina wasa ana dariya, kada ki kalli masu dariyar, su sun riga sun sami rabonsu. Ki nemi wanda bai yi ba. Yawanci yana bakin taga.

Sauran kurakuran yawancinsu a gida na yi su, kuma a kan Innarki.

Kina makarantar kwana lokacin da Usman ya rasu a haɗarin nan na hanyar Azare. Kin zo zaman makoki kin koma, don haka abin da ya biyo baya labari kika ji. Labarin da kika ji kuwa ni na ƙirƙira shi: wai Audu mai faci ya yi ta ba matarsa dariya har ta warke. Na ji kin faɗa wa ƙawayenki, na ji kin ce shi ya sa kika zaɓi wannan karatu. Duk lokacin da kika faɗa sai in gyara hula in yi shiru. Yau zan gaya miki yadda aka yi.

Kin san Usman ɗan fari ne, kuma kin san Innarki da kunyar ɗan fari. Shekara ashirin da biyu yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wannan yaron," ko "kai," ko ta buga murfin tukunya ya gane shi ake nema. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yabon sa gaban mutane, ko kallon sa sai ta gefen ido. Ni ne mara kunyar gidan, nake kwaɗa masa kira tun daga bakin titi. Da ya rasu, mata suka cika gida, kowa na cewa, "Kai, Allah Ya ba baiwar nan haƙuri, ko hawaye ba ta yi ba." Suna yabon ta. Ni ma na yabe ta. Ashe ba haƙuri ba ne, ƙofa ce ta rufe da ita a ciki. Wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba, ta yaya za ki yi kukansa a gaban jama'a?

Aka watse bayan arba'in, sai magana ta fara ƙarewa a bakinta. Da farko "to" da "a'a". Daga baya kai kawai take gyaɗawa. Tana girki, tana sallah, tana shara, amma kamar an aiko wata ta riƙe mata wuri.

Me babanki ya yi? Abin da ya iya. Kullum na dawo daga rumfa sai in buɗe mata kasuwa a tsakar gida. In yi mata dillalin shanu na kara yana rantsuwa da kabarin kakansa a kan saniya mai tari. In yi mata direban tirela yana lallashin ɗan sanda. In yi mata Gwaggonki tana cinikin atamfa. Abubuwan da a kara ake riƙe ciki saboda su, Innarki sai ta dube ni kamar tana kallon bango. Ni kuma in ƙara ƙarfi, in ce ko adadin ne bai isa ba. Wata huɗu ina wannan haukan. Rannan ina tsakiyar wasa ta tashi ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa a hankali, ta bar ni tsaye da kaskon turare a ka.

Abin da ban gane ba, ba don ita nake yi ba. Ni ne ba na iya jure shirun. In gidan ya yi tsit sai in ji ƙarar Keke Napep ɗin Usman tana shigowa lungu, don haka nake cika ko'ina da surutu. Ki riƙe wannan, Hajo. A sana'ata ba a manna faci sai an hura tub ɗin tayar an tsoma shi a ruwa an jira. Kumfar ce za ta nuna inda hudar take. Mai gaggawa yakan manna faci inda yake zato, taya ta sake sacewa kafin a kai kwana. In mara lafiya ya yi shiru a gabanki, kada ki yi saurin cike wurin. Ki tambayi kanki, shi ne shirun ya dama ko ke?

Kuskure na gaba ya fi wannan muni. Na tattara kayan Usman kaf, hularsa, takalmansa, makullin keken da aka dawo mana da shi, na ƙulle a buhu na kai rumfa na cusa bayan tsofaffin tayoyi. Na hana kowa ambaton sa a gidan. A tunanina in ba ta gani ba za ta manta. Ji wauta. Na mayar da gidan kamar ba a taɓa haifar sa ba, na bar ta ita kaɗai tana riƙe da shaida.

Kuma na ƙi kai ta asibiti, don kada unguwa ta ce matar Audu ta taɓu. Sai da Gwaggonki ta zo ta tsaya a zaure ta ce, "Audu, kai ne mahaukacin gidan nan tun muna yara, kuma ba wanda ya ɓoye ka. Tashi ka nemo keke." Muka kai ta. Likita ya yi mata tambayoyi, ya rubuta ƙwayoyi, ta fara samun barci, ta fara cin abinci. Wannan ɓangaren ina tsallake shi in ina ba da labari a majalisa, don ba ni ne gwarzonsa ba. Ke kada ki tsallake. Inda za ki akwai likitoci da nas-nas, wasu za su raina aikinki su ce wasan yara ne. Kada ki rama da raina nasu. Ƙwayar ce ta ɗaga Innarki ta zaunar. Amma ƙwayar ba ta buɗe mata baki ba.

Ga yadda bakin ya buɗe.

Wata ranar Laraba da la'asar ina neman wata tsohuwar taya, sai buhun ya faɗo, makullin keken ya fito. Na sa shi a aljihu ban san dalili ba. Na dawo gida, tsakar gida ba kowa, tukunya na kan murhu. Na ɗauka Innarki na ɗaki tana kwance. Sai kawai na ji ina son in ga yaron nan ko sau ɗaya. Kin tuna shigowarsa: yana juya makulli a yatsa, kafaɗa a karkace, ba zai yi gaisuwa ba sai ya ɗaga murfin tukunya ya leƙa ya ce, "Inna, yau me talakawa za su ci?" To, na koma zaure na shigo a matsayinsa. Ba don kowa ba. A rayuwata wannan ne wasa na farko da na yi ba ina neman dariya ba.

Na kai tsakiyar gida sai na ji murya a bayana, a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ba haka ba."

Na juya. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da faranti na tsintar wake. Na ce a raina yau na gama kashe matar nan.

Ta ce, "Hagu yake karkatawa. Kai dama ka yi."

Na ce, "Hagu?"

"Tun da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Kuma ba ya jan ƙafa, kai ne mai jan ƙafa."

Na koma zaure na sake shigowa. Ta girgiza kai. Ta ajiye farantin, ta miƙe, ta miƙo hannu. Na ba ta makullin. Ta ce, "Malam, kai da ake cewa ka iya kowa. Ba haka Usman yake tafiya ba."

Hajo, sunan ta faɗa. Da bakinta.

Ta tafi zaure ta shigo. Wallahi tallahi shi ne. Kafaɗar, juya makullin, yadda yake ɗan tsayawa ya shaƙi ƙamshin miya kafin ya ƙarasa. Matar da ba ta taɓa kallon sa ido da ido ba, ashe babu motsinsa ɗaya da ya wuce ta. Ni da nake kiran sunansa sau hamsin a yini ban san kafaɗar da yake karkatawa ba. Ta ɗaga murfin tukunyar, ta buɗe baki za ta faɗi maganar talakawan, sai kukan ya zo. Ta durƙusa nan gaban murhu ta yi kukan wata bakwai. Ni ma na zauna a ƙasa na yi nawa, wanda na yi ta rufewa da dillalin shanu. Miyar ranar ta ƙone, mun ci a haka.

Daga nan ya zama mana al'ada bayan la'asar. In yi Usman yana wanke keke, ta gyara. In yi shi yana faɗa da ke a kan rediyo, ta gyara. Gyaran yakan jawo labari, labarin ya jawo wani. Har abubuwan da ban taɓa sani ba na ji, kamar yadda take ajiye masa ƙanzo a ƙarƙashin kwano ta ce kyanwa ta bar wa. Da na ga gyaran ne ke sa ta magana, sai na fara kuskure da gangan. Rannan ta dube ni ta ce, "Malam, da gangan kake yi." Na ce eh. Ta ce, "To ci gaba."

Kin ga ke nan ba gwanintata ce ta yi aiki ba, kuskurena ne. Da na yi shi daidai, da ta kalla ta koma ɗaki. Don haka in kina wasa da marasa lafiyarki, kada ki cika gwaninta. Ki bar musu gurbin da za su ce miki "ba haka ba". Wanda ya tashi ya gyara miki, ya riga ya shigo wasan da ƙafarsa, labarin kuma ya koma hannun mai shi.

Da a ce ina da hankali da nan na tsaya. Amma kin san babanki. Sai na ɗauka na zama likita. Bayan shekara guda maƙwabcinmu Baba Istifanus ya rasu, matarsa Mama Rahila ta shiga damuwa. Ban tambayi kowa ba, na nemo irin malfarsa da lema, na yi sallama na shiga gidanta ina tafiyarsa ina tarinsa, har da kuskure na gangan a ciki. Tana wanke-wanke. Ta dube ni, ta ɗaga bahon ruwan gaba ɗaya ta juye mini. Ta ce, "Audu, in ka sake shigo mini da mijina, da taɓarya zan raka ka!" Na fito da ɓawon albasa a gemu, yaran lungu na tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Ita ta san inda maganinta yake. Matan zumuntar cocinsu ne suka riƙa zuwa suna ɗaukar ta, ta koma buga tulun nan nasu tana waƙa, a nan ta yi kukanta ta gama. Har yau in na wuce takan ce, "Likita, yau ba aiki?" Ki nemi izini, Hajo, kowane lokaci. Abin da ya buɗe wani, wani rufe shi zai yi. Kuma ki lura ko akwai baho kusa.

Saura ɗaya, gajere. Za ki riƙa jin abubuwa masu nauyi a wurin nan, mutanen da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Kada ki yi irin tawa, ki kwashe ki rufe da barkwanci. Ki sami wadda za ki zauna da ita ki sauke, ki riƙe sallarki, ki ci abinci a kan lokaci. In ya yi yawa ki kira ni, na yi alkawari zan yi minti biyar cur ban ba ki dariya ba. Fiye da haka ban ɗauki alkawari ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na faro duk wannan.

Ranar Litinin da kika tafi kasuwa, na gwada wani abu. Na shigo gida a matsayinki. Na watsar da silifas ɗaya gabas ɗaya yamma, na tura tabarau da bayan yatsa, na ce, "Baba, wannan fa a ilmance ba daidai ba ne." Ina yi ina kallon Innarki ta gefen ido, don ni ma tsoron da kike ji ina jin sa. Ta dube ni ta ce, "Ba ta ɗaga murya haka. A hankali take faɗa, shi ya sa ya fi ciwo." Ta tashi ta yi ki. Hajo, har yadda kike tura baki in an ce ki wanke tukunya. Ta yi dariya har tana riƙe bango.

Da ta zauna sai ta ce, "Malam, na ga yarinyar nan tana zazzage jaka." Na ce na gani. Ta yi shiru, ni kuma, abin mamaki, na bar shirun. Can ta ce, "Ka faɗa mata ta tafi. Wancan ya fita da safe ban ko ɗaga kai na dube shi ba, don kunya. Wannan ina so in raka ta tasha da ƙafata, in kira sunanta, in ce ta sauka lafiya. Kada ta hana ni."

Ba za ta iya faɗa miki da kanta ba, kin san ta. Amma ki leƙa bayan buhun gero, za ki ga robar dambun nama da ƙullin yaji da ta ɓoye tun shekaranjiya. Ba ni aka yi wa ba, na tambaya, an kore ni.

Ba zan ce miki ba za ta yi kewa ba. Za ta yi, ni ma haka. Wataƙila wata rana ta yi shiru. Amma yanzu na san hanyar asibiti, na san in rufe bakina, kuma na riga na tanadi kurakurai a tafiyarki da za su ishe ta gyara har ki zo hutu. In kika zauna, kin hana ta rakiyar da take jira shekara goma sha ɗaya, ni kuma kin kashe mini wasa, don ba a kwaikwayon mutum yana zaune yana harara.

Ki shirya jakar nan karo na uku, ki bar ta a shirye.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa, Ya kare ki daga girman kai irin na likitan da aka yi wa wanka da ruwan wanke-wanke. Allah Ya jiƙan Usman, Ya sa yana inda ya fi nan. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini ƙaryar da na bar ki da ita.

Wassalam. Ni ne babanki,
Audu mai faci

Af, na manta. Tsohon silifas ɗinki mai shuɗiyar igiya kada ki tafi da shi. Kayan aiki ne. Innarki ta ce in zan watsar, na hagu ne ke fara tashi.